Mai Jan Ruwa Daban, Mai Shiga Rijiya Daban

Duk garin da har yanzu rijiya ce abin shansa, kowa ya iya jan ruwa. Yarinya 'yar shekara goma ta san yadda za ta zura guga, ta kaɗa igiya har ya kife ya nutse, ta jawo shi a hankali bai bugi gefe ya zubar da rabi ba. Matan gida kuwa, daga tsawon igiyar da ta shige suke gane ruwa ya ja baya, bazara ta kama. Amma ranar da ruwan ya gurɓace, ko gefe ya zabtare, ko dabba ta faɗa, duk gwanintar nan a baki take tsayawa. Sai a aika a kira mai yasa.

Shi kuwa in ya zo ba ya gaggawa. Zai tambaya gaba nawa ce, wa ya haƙa ta, yaushe rabon da a yashe ta. Zai leƙa ya daɗe yana kallon jikin ginin. Tsofaffin masu sana'ar sukan ɗaura fitila a igiya su zura. In ta mutu kafin ta kai ruwa, ranar ba mai shiga, domin iskar da ta kashe wuta za ta kashe mutum. In ta rayu, sai ya ɗaura igiya mai kauri a ƙugu, ya damƙa ɗaya bakin a hannun wanda ya yarda da shi, su ƙulla alama a tsakaninsu: in ka ji na ja sau kaza, fito da ni ko ban ce uffan ba. Sannan ya sauka.

Da wannan nake so in bayyana wani karatu da ba mu cika jin labarinsa ba, wato digiri na biyu na ma'aikatan jinyar masu taɓin hankali, irin wanda ke ba nas ikon duba majinyaci da kanta, ta gano ciwonsa, ta rubuta masa magani, ta kuma yi masa maganin zama da magana. Nas ɗin da ke kwana a ɗakin majinyata ita ce mai jan ruwa, kuma ba na faɗin haka don in rage mata daraja. Garin da ba mai jan ruwa ƙishirwa za ta tashe shi, ko da masu yasa goma gare shi. Ita ke lallashin wanda ya ƙi abinci kwana uku har ya buɗe baki, ita ke lura cewa wannan ya ɓoye ƙwayarsa a ƙarƙashin harshe, ita ke gane daga takun mutum cewa yau ba lafiya. Sai dai akwai tambayoyin da amsarsu can ƙasa take. Wane ciwo ne wannan? Me ya tayar da shi yanzu? Wane magani, nawa, har yaushe, kuma me za a duba a jini yayin da ake sha? Mai amsa waɗannan dole ya sauka, sauka kuma sana'a ce da ake koyo.

A Amurka aka fara mayar da ita karatun jami'a ga ma'aikatan jinya, kuma wata mata ce ta ja gaba, Hildegard Peplau, wadda aka haifa a 1909 ta rasu a 1999. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta yi aiki a wani asibitin sojan Amurka da ke Ingila, inda ake kawo samarin da yaƙi ya girgiza wa hankali. Da ta koma gida, abin da ta tarar a asibitocin gwamnati ya fi kama da tsaro: ɗaruruwan dubban mutane a kulle, har adadinsu ya haura rabin miliyan a 1955, aikin nas kuwa riƙe makulli, ƙirga kawuna da raba abinci. Peplau ta kammala littafinta kan dangantakar nas da majinyaci a 1948, amma bai fito ba sai 1952, saboda masu ɗab'i na ganin bai dace nas ta wallafa irin wannan littafi ba tare da sunan likita a jiki ba. A 1954 ta koma Jami'ar Rutgers, ta kafa shirin digiri na biyu na farko don horar da ƙwararrun ma'aikatan jinyar ƙwaƙwalwa, ta zauna a can shekara ashirin. Daga wani ɓangaren kuma, a 1965, wata nas mai suna Loretta Ford da wani likitan yara, Henry Silver, suka fara horar da ma'aikatan jinya a Jami'ar Kolorado su riƙa duba marasa lafiya da kansu a wuraren da likita ya yi ƙaranci. Waɗannan hanyoyi biyu ne suka haɗu suka haifar da abin da ake gani yau.

Tsarin a can haka yake. Mutum zai yi digirin farko na jinya, ya sami lasisi, galibi ya yi aiki na wani lokaci, sannan ya koma jami'a shekara biyu zuwa uku, ko fiye in digirin dakta na aikin jinya yake nema. Kafin a bar shi ya zauna jarrabawar ƙasa sai ya cika aƙalla awa 500 yana duba majinyata a gaban ƙwararre, kuma wani ma'auni da aka fitar a 2022 ya nemi a kai 750. Sai kuma ya nuna an koya masa aƙalla hanyoyi biyu na maganin zama da magana. In ya ci, zai iya duba yaro da babba da tsoho, kuma a fiye da rabin jihohin ƙasar yana iya buɗe wurin aikinsa ba tare da likita ya sa masa hannu ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne darussa uku da ake fara ɗora wa ɗalibi, waɗanda ba su ma keɓanta da ƙwaƙwalwa ba: yadda cuta ke aiki a jiki, yadda magani ke aiki a jiki, da yadda ake duba mutum tun daga kai har ƙafa. Wani zai ce me ya haɗa mai jinyar hankali da ƙoda da hanta? To ai mai yasa ma ƙasa yake fara sani kafin ruwa. Ya san marmara na tsayawa da ƙafarta, yumɓu na riƙewa sai ya jiƙa ya kumbura, rairayi kuwa ba shi da amana, yana iya rufto wa mutum ba sallama. Daga baki duk rijiya ɗaya ce, rami mai duhu. A ciki ake gane bambanci.

Ga misali. An kawo saurayi a ɗaure da rawani, yana ihu, yana ganin abin da ba kowa ke gani ba. Mahaifinsa na cewa, "Malama nas, jiya-jiyan nan lafiyarsa ƙalau." Ƙanin mahaifin na cewa ƙwaya ce, kakarsa na cewa iska ce ko jifa. Abu mafi sauƙi shi ne a danna masa allurar barci kowa ya huta. Amma wanda aka horar zai tsaya a kan kalmar "jiya-jiyan nan". Ciwukan hankali irin su sikizofireniya ba kasafai suke faɗowa a dare ɗaya ba, sukan yi makonni ko watanni suna rarrafe: mutum ya janye daga abokai, ya bar wanka, ya fara zargin maƙwabta. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, musamman da zazzaɓi, tana iya zama sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko taifot, ko sukarin jini da ya faɗi, ko bayan farfaɗiya, ko aikin tiramadol. Sai a taɓa wuya a ji ko ya sanƙare, a auna zafin jiki, a ɗiga jini a duba sukari, a tambayi yaron yau wace rana ce, ina yake. In sanƙarau ne aka kwantar da shi da allurar barci a ɗakin masu taɓin hankali, gari na iya wayewa babu shi. Nan ne rairayin yake.

Haka batun magani. Tun da aka fara amfani da kulofuromazin a Faransa a 1952, wanda mutanenmu suka fi sani da Largactil, aka sami abin da ke kwantar da masu jin muryoyi, amma kowane magani da nasa halin. Wannan da ɗan'uwansa haloferidol suna iya murɗe wa mutum wuya, idanu su kafe sama, harshe ya zazzalo, dangi su ce ai ga shi aljanin ya bayyana, alhali illar magani ce da ake warwarewa cikin ɗan lokaci. Ƙwayar da ake bayarwa don rage wannan illa kuwa, ita ce wadda matasa ke saye a bayan fage suna maye da ita, saboda haka rubuta ta ma sai da lura. Litiyam, wanda wani likita a Ostireliya, John Cade, ya nuna amfaninsa a 1949, yana daidaita mai ciwon nan da ke ɗaga mutum sama ya yi ta kashe kuɗi ba barci, sannan ya jefo shi cikin baƙin ciki. Amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce, ana auna shi a jini, ana duba ƙoda, kuma in jiki ya bushe yakan taru. Wanda zai rubuta shi a ƙasar da azumi ke iya faɗowa cikin zafin Afrilu dole ya san haka. Kulozafin na taimakon wanda sauran magunguna suka gaza a kansa, sai dai yana iya rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, don haka ba a ba da shi sai da gwajin jini a kai a kai. Balfurowet na cutar da ɗan tayi, ba a miƙa shi ga matar aure haka kawai. Maganin ciwon damuwa kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa; in ba a gaya wa mutum ba, kwana biyar zai jefar ya ce na banza ne. Ba a tsintar wannan ilimi a gefen gado da kallo kawai, komai daɗewar mutum a aiki.

Sai dai a ganina zuciyar karatun tana wajen igiya. Peplau takan sa ɗalibanta su zauna da majinyaci, sannan su rubuta hirar kalma da kalma: ya ce kaza, na ce kaza, a nan ya yi shiru, a nan na ji tsoro na canza magana. Sai a zauna da malami a bi takardar layi-layi. Me ya sa kika katse shi daidai lokacin da ya ambaci mahaifiyarsa? Me ya sa kika yi saurin cewa ya yi haƙuri? Da haka ɗaliba ke gane cewa ita kanta kayan aiki ce, kuma tana da nata raunin. Da haka take koyon tambayar da kowa ke tsoro, "Ka taɓa tunanin kashe kanka?", ta yi ta a fili cikin natsuwa, domin masana sun tabbatar tambayar ba ta dasa tunanin, hasali ma tana buɗe wa mai shi ƙofar magana. Da haka kuma take koyon gane matakin firgicin mutum, don wanda tsoro ya kai shi maƙura ba ya jin dogon bayani, sai gajeriyar magana da zama kusa da shi.

A ƙasan rijiya akwai iskar da ba a gani, ba ta wari, mutum sai dai ya ji jiri. A wannan aiki ma akwai ta. Wanda ke wuni yana sauraron matar da aka kashe mijinta a gabanta, ko yaron da ya tsere daga daji, kamar yadda ma'aikatan Maiduguri suka yi shekara da shekaru suna yi, abin yana shiga jikinsa bai sani ba. Wani ya daina barci, wani zuciyarsa ta bushe ya fara yi wa majinyata tsawa, wani kuma ya shaƙu da majinyaci ɗaya har ya kasa ganin gaskiyar halinsa. Mai shi ba ya ganewa; na sama ne ke jin igiya ta yi nauyi. Shi ya sa mai yasa, komai tsufansa a sana'a, ba ya sauka shi kaɗai, kuma shi ya sa ƙwararren da ya san abin da yake yi ba ya daina kai aikinsa gaban wani ko bayan ya karɓi takardarsa.

Wuri ɗaya kwatancen nan ya gaza, kuma dole in faɗa. Rijiya ba ta magana, ba ta da zaɓi. Majinyaci mutum ne mai mutunci, yana da ta cewa a kan jikinsa, kuma abin da Peplau ta dage a kai ke nan: ana aikin ne tare da shi. Ba ya buɗe cikinsa sai ga wanda ya amince da shi, amincewar kuwa takan ɗauki makonni.

Ba na cewa komai na Amurka daidai yake. Da buƙata ta ƙaru, makarantu masu koyarwa ta intanet suka yawaita, wasu suna ɗibar ɗalibai da yawa su bar kowa ya nemo wa kansa ƙwararren da zai koya masa aiki, har ana biyan dillalai don a samu. Wasu wuraren aikin kuma sun mayar da ƙwararriyar nas mai sabunta takardar magani cikin minti goma sha biyar, maganar da Peplau ta gina sana'ar a kanta ta zama abin da ba a da lokacinsa. Ma'aikatan jinyar can da kansu suna kuka da wannan. Darasi a kwamfuta na iya koyar da sunan kowace irin ƙasa, amma ba ya riƙe wa kowa igiya.

Me ya shafe mu? A shekarar da Peplau ta shiga Rutgers, 1954, a Aro kusa da Abeokuta Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari da duniya ta yaba: majinyata su sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, su zo a duba su da rana, har da masu maganin gargajiya ya jawo a jiki. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ke nan ba baƙi ba ne mu a wannan fage. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma akwai makarantun da nas ke komawa ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta ƙware a jinyar masu taɓin hankali. Jami'ar Ibadan ta fara digirin jinya tun 1965, yanzu kuma ana yin sa a Zariya da Kano da sauran wurare. Tun 1991 aka sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, a farkon 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200 'yan ɗaruruwa ne ƙalilan, yawancinsu a manyan birane. Wani bincike da aka fitar a farkon 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 a ƙasar sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Wa ke ganin waɗannan mutane a asibitin ƙaramar hukuma? Nas ce. Ita ke yanke shawarar ko wannan mai jegon da ta daina barci ta fara sambatu a kwantar da ita, ita ke ƙara magani ko ta rage, sau da yawa ba wanda za ta buga wa waya. Wato tuni muka tura mai jan ruwa cikin rijiya, ba fitila, ba igiya, ba kowa a baki. In ta fito lafiya ba mai yaba mata, in gefe ya rufta a ce ta wuce gona da iri. Waɗanda ba su same ta ba kuma gidan mari ake kai su; ba a manta da ɗaruruwan mutanen da aka fito da su daga wani gida a Rigasa a watan Satumba na 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa.

Digiri na biyu a fannin jinya da wasu jami'o'inmu ke bayarwa ya fi karkata ga bincike da koyarwa da shugabanci. Yana da amfaninsa, amma mai shi yakan fito ne ya koma ofis, kuma takardar ba ta ƙara masa wani iko a gaban majinyaci. Abin da ya rage mana shi ne digirin da ake yi a bakin gado, mai awannin aiki da aka ƙirga, mai malamin da ke karanta hirar ɗalibi, mai jarrabawa ta ƙasa, sannan doka ta fayyace abin da mai shi zai iya rubutawa da inda dole ya miƙa wa likita.

Na san likitoci da yawa ba sa son jin wannan magana, kuma tsoronsu ba na banza ba ne: shekarun da likita ke yi kafin ya ƙware sun ninka na nas, kuma rubuta magani ba wasa ba ne. Amma zaɓin da ke gaban mutumin ƙauye ba tsakanin likita da nas yake ba, tsakanin nas mai horo ne da mai kemis ko mai mari. Ingila ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman ikon rubuta kusan kowane magani tun 2006. Gana ta yi dokarta ta lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, tana kuma horar da jami'an da ke duba masu taɓin hankali a cikin al'umma a kwalejin Kintampo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2008 take da shirin koya wa waɗanda ba likitocin ƙwaƙwalwa ba yadda za su kula da waɗannan ciwuka. Likitan da ke Kware ba zai iya ganin kowa daga Illela zuwa Yawuri ba, amma zai iya riƙe igiyar ƙwararrun nas goma da ke can, su kira shi a kan abin da ya fi ƙarfinsu, su haɗu duk wata a bi aikinsu. Wannan ƙara masa tsawon hannu ne.

Akwai kuma masu cewa in an horar da su ƙasar waje za su tafi. Gaskiya ne ana tafiya. A farkon 2024 majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta ce fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Amma cikin abin da ke korar su har da rashin inda za a hau: nas ta yi shekara goma sha biyar a ɗakin majinyata, ta san aikin ciki da bai, hanyar ci gabanta ɗaya ita ce ta bar majinyatan ta koma rubuta jadawalin aiki. Wadda aka ɗauko daga garinsu aka horar, aka ba ta matsayi da albashin da ya dace da shi, tana jin harshen mutanen, ta san yadda za ta yi magana da liman da mai unguwa da uwar miji, ita ce ta fi kusa da zama.

Kirana ga majalisar jinya da ungozoma, da jami'o'in da ke maƙwabtaka da waɗannan asibitoci, da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa, shi ne su zauna wuri ɗaya su tsara wannan karatu. A fara da ɗalibai kaɗan daga cikin waɗanda suka daɗe a aikin, kada a ɗauki ko mutum ɗaya sai an tanadar masa ƙwararren da zai tsaya a kansa, kuma a gyara doka da tsarin albashi kafin rukunin farko ya fito. Gwamnonin jihohinmu kuma su ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu bisa sharaɗin su dawo su yi aiki a ƙananan hukumominsu.